Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Shawara Kan Sayen Kwamfuta Mai Araha Don Wasannin Dabara

Gab da babbar sallar shekarar 2024, wani ɗan 'yar'uwata da ke aji biyu na babbar sakandare ya zo wurina daga ƙauyensu a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, aljihunsa cike da kuɗi, zuciyarsa cike da buri. Raguna biyu ya turke tun bayan kaka, ya yi ta ɗawainiyarsu da harawa da dusa, har ya kai su kasuwar Maigatari ran wata Alhamis ya sayar. Bayan mun gaisa sai ya zaro waya ya nuna mini hoton wata na'ura mai ƙwaƙwalwa, baƙa wuluk, fitilu ja da kore da shuɗi suna ta walƙiya a cikinta. Ya ce, "Kawu, irin wannan nake so ka raka ni Kano mu sayo." Na ce, "To, madalla. Me za ka yi da ita?" Ya ɗan sosa ƙeya, ya ce koyon aikin jarrabawa. Da na matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Da kuma wani wasa da na gani a kwamfutar malaminmu, Age of Empires II." Dariya ta kama ni, domin kuwa wasan da yake magana ya girme shi nesa ba kusa ba, ni kaina ina ɗalibi na fara ganinsa.

Ra'ayin da na ba yaron nan shi nake so in shimfiɗa wa ɗalibai da malamai a wannan fili. Ɗalibin Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, wanda yake son kwamfuta domin karatu da kuma tsofaffin wasannin dabara, ba ya bukatar na'ura mai tsada wadda aka ƙera musamman don wasa. Haka kuma bai kamata ya ruɗu da sabuwa fil mai arahar banza ba. Abin da ya dace da shi shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda ma'aikatu suka yi amfani da ita suka sake. Dalilaina kuwa rabinsu daga kasuwa na samo su, rabinsu daga ilimin halittu da nake koyarwa.

Mene ne wasan dabara?

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan fanni. Dara da dattawa ke yi a gindin bishiya, mai gurabu 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wasan dabara ce tsantsa: babu gudu, babu ƙarfin damtse, sai hangen abin da zai biyo baya. Wasannin kwamfuta da nake magana a kansu jikokin dara ne. Ana ba mutum ɗan ƙaramin gari da 'yan ma'aikata, a ce ya nemi abinci, ya gina gidaje, ya yi fatauci, ya kare kansa daga maƙwabta, har ya kafa daula.

Iri biyu ne. Akwai na bi-da-bi, inda kowa ke jiran lokacinsa kamar a dara, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Civilization na Sid Meier, da ya fito a 1991, wato shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Akwai kuma waɗanda ba a jira, kowa na aiki a lokaci guda, kamar Dune II na 1992, da Command & Conquer na 1995, da Age of Empires na 1997, da StarCraft na 1998, da Age of Empires II na 1999. A gefensu akwai na gina gari da sarrafa shi, irin su SimCity na Will Wright, wanda ya fito a 1989.

Darasin ilimin halittu a cikin wasa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilimin halittu da wasa? Amsar ita ce, akwai darussan da nake shan wahalar fahimtar da ɗalibai a kan allo, amma wanda ya taɓa irin wannan wasa yakan cafke su nan take.

Ɗauki misalin yaɗuwar halitta. Ƙwayar bakteriyar nan ta cikin hanji, E. coli, idan ta sami abinci da ɗumi yadda take so, takan rabu biyu kowane minti 20. Cikin awa 3, ƙwaya ɗaya ta zama 512. Amma ba ta ci gaba haka har abada, domin abinci zai ƙare, wuri ya matse, dattin da take fitarwa ya taru. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Pierre Verhulst, ya bayyana wannan tsari da lissafi tun 1838: yawan jama'a yakan hau da sauri, sa'an nan ya lafa idan ya kusanci iyakar abin da muhalli zai iya ɗauka. To a Age of Empires II, kowane ma'aikaci ana samar da shi da awon abinci 50, shi kuma ya shiga tara abincin da za a samar da wani. Gari na bunƙasa, sai ɗan wasa ya tarar gidaje sun kasa, ko dabbobin dawa sun ƙare, ko ya kai iyakar jama'ar da wasan ya yarje. Ga Verhulst nan a aikace.

Har ila yau, a wannan wasa bishiyar da aka sare ba ta sake tohowa. Ɗan wasa yana kallo kurmin da ke bayan garinsa yake ja da baya, masu saran itace suna ƙara nisan tafiya. Ɗan ƙasar Gumel ba ya bukatar a fassara masa wannan, shi da yake ganin yadda kakarsa ke ba da labarin dajin da ya zama fili, yake kuma ganin jerin bishiyoyin kare iska da aka dasa don tare hamada. Jigawa na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Akwai ma wasan SimAnt na 1991, wanda aka gina a kan rayuwar tururuwa, bisa binciken masana biyu, Bert Hölldobler da E. O. Wilson. A ciki ɗan wasa yana ganin yadda tururuwa ke barin sinadari mai ƙanshi a kan hanya domin 'yan'uwanta su bi sawu zuwa abinci.

Amma fa a yi hattara, wasa kwaikwayo ne, kuma kowane kwaikwayo yana da inda ya yi ƙarya. Tumakin Age of Empires II ba sa haihuwa, manomansa ba su san fari ba, ba su san fara ko jan-baki ba. Malami mai basira zai mai da wannan gibi darasi, ya tambayi aji: me wasan ya manta da shi wanda manomin gero a Gagarawa ba zai taɓa mantawa ba?

Tsohon wasa ba ya cin da yawa

Yanzu bari mu koma ga na'urar kanta. Sassa uku ne ya kamata mai saye ya sani, kuma gidan Bahaushe ya ishe mu misali. Ma'adanar dindindin ita ce rumbu, inda ake ajiye komai. Ma'adanar wucin gadi, wadda ake kira RAM, ita ce tabarmar da ake baza hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. Firosesa kuwa ita ce mai daka. Idan tabarma ƙarama ce, komai ƙarfin mai daka sai ta riƙa tsayawa jiran a ɗebo daga rumbu.

To nawa tsofaffin wasannin nan ke bukata? StarCraft na 1998 ya nemi firosesa mai gudun megahaz 90 da RAM megabayit 16. Age of Empires II na asali ya nemi megahaz 166 da megabayit 32. Civilization IV, wanda ya fito a 2005, ya nemi gigahaz 1.2 da megabayit 256. Kwamfutar ofis ta hannu mai RAM gigabayit 8 tana da megabayit 8,192 ke nan, wato ninki 256 na abin da Age of Empires II ya nema. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya raba da kansa ya gani. Wanda ya sayi na'ura mai katin hoto na musamman domin wannan wasa, ya yi kama da wanda ya ɗauko tirela domin kai buhun riɗi ɗaya kasuwa.

Wuri guda ne ake tuntuɓe. Kamfanoni sun sake sabunta wasu daga cikin waɗannan wasanni da hotuna masu kyau, kamar Age of Empires II: Definitive Edition na 2019. Shi wannan yana neman RAM gigabayit 4 a ƙalla, da babban fili a rumbu, da intanet mai yawa kafin a sauko da shi. Sunan ɗaya ne, cikin ba ɗaya ba. Saboda haka a tabbatar da wanne ake nufi kafin a fita kasuwa.

Dokar tulu mai huji

Masana aikin gona suna da wata doka da Carl Sprengel ya fara bayyanawa a 1828, Justus von Liebig ya yayata ta daga baya: girman shuka ba ya bin yawan abincin da ke ƙasa gaba ɗaya, yana bin sinadarin da ya fi ƙaranci ne. Idan tulu yana da huji a gefe, komai yawan ruwan da ka zuba ba zai wuce hujin nan ba. Gonar da ta rasa sinadarin fosfaras, ko ka juye mata buhu goma na yuriya, ba za ta ba ka abin da kake so ba.

Ka ɗauki wannan doka ka auna kwamfuta a ƙasar Gumel. Ina hujin tulun yake? Mun riga mun ga ba a gudun firosesa yake ba. Hujojinmu uku ne: wuta, zafi, ƙura.

Na farko, wuta. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta ofis takan ci kimanin wat 30 idan tana aiki. Babbar kwamfutar wasa da allonta takan ci wat 300 ko fiye. A awa 3, ta farko ta sha awon wat-awa 90, ta biyu ta sha 900. Batirin sola na gubar-dalma mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, saura 600 ke nan. Wannan zai riƙe ƙaramar kwamfutar wajen awa 20, babbar kuwa awa 2 kacal, kafin ma a cire abin da inbata ke ci. Ga shi kuma ta tafi-da-gidanka tana da batirinta a jiki, kamar raƙumi da kitsen tozonsa, idan an ɗauke wuta ba ta faɗi nan take ta tafi da aikinka ba.

Na biyu, zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankinmu yakan haura digiri 40. Duk wat ɗin da na'ura ta ci, zafi yake komawa a ƙarshe, kuma dole ta fitar da shi. Mutum yana yin gumi, kare yana haki, ita kwamfuta fanka gare ta. Idan iskar da fankar ke jawowa ita ma mai zafi ce, sai firosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Batirin litiyam kuma zafi ne babban maƙiyinsa, yana tsufar da shi da wuri. Na'urar da ke cin wuta kaɗan ita ce ke fitar da zafi kaɗan, ita ce kuma za ta jure bazara.

Na uku, ƙura. Allah ya hore wa hancin ɗan Adam gashi da majina, ya sa wa hanyar numfashinsa wasu ƙananan gasu masu kaɗawa da ke turo datti waje. Kwamfuta ba ta da ko ɗaya. Duk ƙurar hunturu da ta shaƙa tana nan maƙale a fanka da ƙarfen sanyaya, har ta toshe su kamar auduga. Na'ura mai fanka biyar ta fi mai fanka ɗaya shaƙa. Don haka a zaɓi wadda ake iya kwance bayanta da sukuddireba a hure, a riƙa lulluɓe ta idan ba a aiki, kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin suna toshe mata hanci.

Wacce za a saya?

Manyan ma'aikatu a Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, tsofaffin su biyo jirgin ruwa zuwa Legas, su iso shagunan Kano, musamman na titin Beirut. Jinsunan da aka ƙera don ofis, irin su Lenovo ThinkPad, da Dell Latitude, da HP EliteBook, sun fi na gida ƙwari, kayan gyaransu suna samuwa, masu gyara kuma sun san cikinsu. Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne ga wanda ke zaune kimanin kilomita 120 daga Kano.

Shawarata ita ce a nemi firosesa Core i5, RAM gigabayit 8, da rumbu nau'in SSD mai gigabayit 128 ko 256. Tsohon rumbu nau'in HDD faifai ne mai juyawa sau dubbai a minti, da allura a kansa, kuma girgizar babur a hanyar ƙauye na iya kashe shi. SSD ba shi da abin da ke motsi, ya fi sauri, ya fi ƙarancin cin wuta. Katin hoton da ke haɗe da firosesa ya wadatar. A ƙara da linzami na waje, domin wasan dabara ba ya yiwuwa da shafa ɗan faifan nan na gaba, kuma sabon hannu da linzami zai yi rana a ɗakin jarrabawa.

A lura da tsarar firosesa. A kan waɗannan na'urori, lambar farko bayan alamar i5 ita ke nuna ta: i5-6200U tsara ta 6 ce, ta 2015, i5-8250U kuwa tsara ta 8 ce, ta 2017. Wannan yana da muhimmanci domin kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na kowa da kowa ran 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman firosesar Intel daga tsara ta 8 zuwa sama. Wanda kuɗinsa ya kai, ya sayi ta 8. Wanda bai kai ba, ta 6 ko ta 7 za ta yi masa dukkan wasannin da na ambata, sai dai ya sa mata babbar manhaja ta kyauta irin Linux Mint idan zai riƙa shiga intanet da ita.

Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne sabuwa mai walƙiya a kwali, mai firosesa Celeron, da RAM gigabayit 4 da aka liƙe ba a iya ƙarawa, da rumbu gigabayit 32 ko 64. Kyan ɗan maciji gare ta. Babbar manhaja kaɗai za ta cinye mafi yawan rumbun, bayan 'yan watanni ta soma rarrafe. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin kwamfuta ya zama na shekara guda na turka. Irin wannan kuɗi ba a yin kuskure da shi sau biyu.

Makarantar da ke da sola tsayayya za ta iya duba ƙananan kwamfutocin tebur na ofis, masu girman littafi, waɗanda cajarsu ba ta wuce wat 65 zuwa 90 ba. Sun fi araha, ba su da batirin da zai mutu, kuma ba a saurin sa su a jaka a fice.

Kada a sayi kifi a ruwa

Da muka je Kano da yaron nan, wani mai shago ya miƙo mana wata yana cewa, "Malam, wannan i7 ce, ta fi i5 nesa." Da na kunna na duba ciki, sai na tarar tsara ta 2 ce, ta wajen 2011. Lalle i7 ce, bai yi ƙarya ba, amma i5 ta tsara ta 8 ta shanye ta a gudu, ta kuma fi ta ƙarancin cin wuta. Tambarin da aka manna a jiki ba hujja ba ne. A kunna na'urar a buɗe shafin bayaninta a karanta lambar firosesa da yawan RAM da ido.

Sa'an nan a gwada batir. A Windows, idan aka buɗe tagar ba da umarni aka rubuta powercfg /batteryreport, na'urar za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin ran da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yanzu. Idan ya gaza kashi 70 cikin 100, a nemi ragin kuɗin sabon batir. A danna kowane harafi a allon rubutu. A soka filashi a kowace kafa. A buɗe farin shafi da baƙi a duba tabo a allo. A murɗa maratayin murfi a ji ko ya saki. A bar ta tana nuna bidiyo na minti 20 a taɓa ƙasanta, a saurari fanka. A tabbatar babu kalmar sirri da ta kulle saitin farko na na'urar, domin wasu ba sa buɗuwa sai an sauya babban allon ciki. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da za a iya mayarwa. Rasit yana raba ka da rigimar kayan sata.

Ina za a sami wasannin?

A nan ma akwai rami. Wasannin sata da ake turawa daga filashi zuwa filashi sau da yawa suna tafe da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma hanyar yaɗuwarsu ba ta da bambanci da ta allura ɗaya da aka yi wa mutum goma. Alhali kuwa na halal suna nan kyauta. Freeciv, wanda masu sa kai suka fara fitarwa a 1996 bisa salon Civilization, kyauta ne. Haka The Battle for Wesnoth na 2003, da OpenTTD na 2004, inda ake shimfiɗa hanyoyin mota da na jirgin ƙasa tsakanin garuruwa. Wanda ya yi wannan na ƙarshe zai fi fahimtar abin da ake nufi da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Kamfanin Blizzard ya mai da StarCraft na asali kyauta a 2017. Kasuwar GOG ta intanet kuma tana sayar da tsofaffin wasanni da aka gyara don sababbin na'urori, waɗanda ba sa neman intanet bayan an sauke su. Na zamanin DOS, irin su Dune II, ana tayar da su da wata manhaja ta kyauta mai suna DOSBox, domin Windows na yanzu ba ya gane harshensu kai tsaye.

Amsa ga masu suka

Na san akwai iyaye da malaman da za su ce, yaron da bai gama haddace darasinsa ba, ina shi ina wasa? Damuwarsu tana kan hanya, ba na raina ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a 2022. Alamarta ita ce mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarna. Wasan Civilization ma ya yi suna wajen cinye dare, mutum na cewa bari in ƙara zagaye ɗaya har a kira assalatu. Kuma kada wani ya ce na ce wasa yana ƙara basira a kowane fanni. Abin da mutum ya fi ƙwarewa a kai idan yana wasa shi ne wasan kansa. Sai an sami malamin da zai ɗaura shi da darasi yake zama ilimi.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yaran nan suna wasa ko mun yarda ko ba mu yarda ba, a waya, a ɓoye. Da yawa daga wasannin waya an tsara su ne domin su riƙa tatsar kuɗi da data, ga tallar caca tana leƙowa ta kowace kusurwa. Tsohon wasan dabara ba ya neman kobo bayan an same shi, ba ya neman intanet, yana da farko yana da ƙarshe, kuma a kan babban allo ake yinsa a tsakar gida inda uwa ke gani. Sharaɗi shi ne a yanka masa lokaci: bayan an gama aikin makaranta da na gida, ba ya shiga lokacin salla, ba ya cin barci, ba a yinsa a makon jarrabawa.

Wasu kuma za su ce waya ta isa. Ba ta isa ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma WAEC ta fara gwada hakan ga masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Ɗalibin da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara riƙe linzami, ya shiga ɗaki da abokan gaba biyu, tambayoyi da na'ura. Wanda ya saba kuwa, da ɗaya zai fafata.

Suka ta uku ita ce wasannin nan labarin Turawa suke bayarwa da yaƙe-yaƙensu. Akwai gaskiya a ciki, ko da yake Civilization IV ya sa daular Mali da Mansa Musa, Civilization V na 2010 ya sa Songhai da Askiya, ƙarin da aka yi wa Age of Empires II a 2015 kuma ya kawo Mali da Habasha. Amma ina fataken goro na hanyar Gwanja? Ina ganuwar Kano, ina alaƙar Gumel da Barno? Ba wanda zai zo daga waje ya rubuta mana su. Freeciv da Wesnoth a buɗe suke, kowa na iya duba cikinsu ya zana taswirarsa ya sauya dokokinsu. Jihar da ke da Kwalejin Ilimi a Gumel da cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure bai kamata ta rasa matasan da za su fara wannan aiki ba.

Abu na ƙarshe, sayen na hannu yana da nauyin da ke biye da shi. Ba ma so ƙasarmu ta zama juji. A 1988 aka jibge guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya ƙara ingiza duniya ga yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari. Matacciyar kwamfuta tana ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu cutar da ƙwaƙwalwar yara. Kada a ƙona wayoyinta don cire jan ƙarfe, kada a jefa batirinta a wuta ko kusa da rijiya. A mayar wa masu gyara, su cire abin da ke da sauran amfani.

Kammalawa

Yaron nan dai ya koma gida da kwamfutar ofis ta hannu, ba fitila ko ɗaya a jikinta, fuskarsa a ɗan murtuke. Canjin da ya rage ya sayi ƙaramin faifan sola, ya kuma kama ɗan rago ya sake turkewa. Batirin na'urar ya gaza bayan wata takwas, aka sauya shi. Mahaifiyarsa ta taɓa aiko mini da ƙara cewa yana raba dare, muka zauna muka yanka masa sa'o'i. Da ya zo hutu kuwa, tambayar da ya yi mini ita ce, "Kawu, me ya sa garina ke daina girma ko da ina da zinari da yawa?" Na ce ya je ya ƙirga gonakinsa da gidajensa, sa'an nan ya dawo mu yi maganar tulu mai huji.

Ina kira ga malaman kimiyya na makarantunmu da su gwada kafa ƙungiyar wasannin dabara, ko da kwamfuta biyu ce, awa ɗaya a mako, a rufe kowane zama da tambaya ɗaya ta darasi. Ku kuma ɗalibai, kafin ku kai ragunanku kasuwa, ku zauna da takarda ku lissafa wat nawa gidanku zai iya bayarwa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya sa mu dace.